Muryar Baba a Cikin Ƙwarya

Talata, 21 ga Mayu, 1957

Wasiƙa ta zo daga katikis, malamin cocin ƙauyenmu, can bayan Fadan Kaje. Mutanen gidan rediyo na Kaduna, waɗanda suka je da mota a watan Janairu suka ɗauki waƙoƙin girbi, sun aiko masa cewa za a sa su ran Asabar, 15 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma. Sau ɗaya tak. Baba ne ya ja waƙoƙin, guda uku. Baba ya rasu a watan Maris.

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Tuwo ya kama a tukunya ban sani ba.

Da Kumai ya dawo daga aiki na miƙa masa. Mijina ba mai magana ba ne, wata bakwai da aurenmu har na kusa haddace duk kalmomin da ya taɓa faɗa mini. Ya karanta, ya ninke, ya dubi rediyonsa a kan tebur, ya ce, "Ba zai isa ba." Shi ke nan.

Gaskiyarsa kuwa. Da hannunsa ya haɗa abin a kan guntun katako: waya naɗe a jikin gora, ɗan dutse mai ƙyalli, da abin sawa a kunne guda ɗaya. Muryar da ke fitowa kamar ta sauro a ɗakin maƙwabta. Mutum ɗaya ke ji, shi ma sai ya riƙe numfashi, in jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha kuwa an rasa rabin magana.

Amma dole Mama ta ji. Ko ta yaya.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na aika wa Mama saƙo ta hannun mai motar citta.

A littafin da nake karantawa yanzu akwai wani ɗan fatake da ya ƙetare kogi bakwai saboda matarsa ta ce tana son wani irin turare. Kafin ya tafi sai da ya yi mata magana mai daɗi shafi biyu cur. Na ɗaga kai na dubi Kumai, yana yanke farce da reza.

Lahadi, 26 ga Mayu

Bayan coci wata 'yar ƙauyenmu ta kawo amsa. Mama ta ce za ta zo, amma ba wanda zai cusa mata mamaci a kunne. In zai yi waƙa ya yi a fili, gaban mutane, yadda ya saba. Na san Mama. In ta faɗa ta faɗa. Ga kunnenta na hagu ma ya daɗe da mutuwa.

Kumai ya saurara har ƙarshe, ya sa takalmi, ya ce, "Mu je gidan Pius."

Pius maƙwabcinmu ne a kwatas, Ibo, shi ke gyaran na'urorin tangarahu a tasha, Kumai kuwa shi ke bin wayoyin a daji. Matarsa Adaku ita ce ƙawata ɗaya a garin nan. Pius ya ji bayani, ya buga cinya, ya ce, "Kumai, rediyo naka yunwa yake ji! Sai a ba shi kwalba." Wai muryar tana nan, ƙarama ce kawai. Kwalbar za ta karɓe ta ta kumbura ta, kamar yadda yis ke tayar da ƙullin fanken Adaku. Ya zana mana a bayan wata takarda: layi, layi, da'ira, batir biyu, babba da ƙarami. Ni dai na ga kamar kaza ta taka tawada.

Na tambaya ko ɗaki duka zai ji. Pius kowa "kai" ne a wurinsa, ya ce, "Amarya, kai ka yi addu'a, mu za mu yi waya."

Na dawo gida ina ji kamar in yi gudu.

Laraba, 29 ga Mayu

Yau har na gama zana yadda za a yi a kaina. Mama zaune a kujera, rana na shigowa ta taga, murya ta cika ɗakin, ta kama hannun Kumai ta ce lalle 'yarta ta yi dace. Ni kuma ina sanye da shuɗiyar rigata. Wake ya ƙone.

Jumma'a, 31 ga Mayu

Kwalba ta iso, naɗe cikin ɗankwalin Adaku. Ni da nake zaton irin ta manja ce! Ashe ba ta wuce babban yatsa biyu ba, gilashi, da ƙafafu sirara a ƙasa, ciki kamar an gina wani ɗan gari na azurfa. Na daɗe ina leƙawa.

Ita kaɗai Pius ke da ita, tun daga Inugu ya zo da ita. Ya ja kunnenmu sau uku: in wayar babban batir ta taɓa inda ta ƙaramin za ta shiga, ko ƙiftawar ido ce, kwalba ta mutu, kuma babu wata daga nan har Jos. Kumai ya sa ta cikin gwangwanin shayi da auduga, ya ɗora can saman kabad. Ya dube ni. Na gane.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya Allah.

Mama na zuwa, kuma Mama da hasken tukunya take auna mace. Tun safe na fito da komai: tukwane, cokula, fitila, har ƙarfen gado, na bi su da toka da lemun tsami. Da na gama na dubi rediyon, ga shi a tsakiyar ɗaki, nan idon kowa zai sauka, wayar nan da ke jikin gora ta yi duhu kamar tsohuwar butar da ba a kula da ita. Na ce haba, ashe jan ƙarfe ce, datti ne ya rufe ta. Na zauna na goge ta zagaye bayan zagaye. Dattin ya yi taurin kai, har sai da na haɗa da yashi. Ta fito ja wur, tana walƙiya kamar warwaron amarya. Har na ja baya ina kallo ina jin daɗi.

Kumai ya dawo, ya ci abinci, ya sa abin kunne. Ya juya, ya juya. Ya taɓa dutsen. Ya fita ya duba eriya a kan mangwaro, ya dawo. Sai idonsa ya tsaya a kan gorar.

Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Ni ce. Datti ne ya yi yawa."

Ya ce ba datti ba ne, riga ce. Wani siririn fenti ne da ke hana wayar taɓa 'yar'uwarta. Yanzu duk sun haɗe, murya ba ta da hanyar bi.

Na jira faɗa. Da ya yi faɗa da na sami abin riƙewa. Sai ya shafa gorar da yatsa ya ce, "Ta yi haske dai."

Na shiga kicin na rufe ƙofa.

Talata, 4 ga Yuni

Pius ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "Amarya ya wanke rediyo! Gobe ka zo ka wanke mana jirgi!" Adaku ta daka masa tsawa da yarensu. Da dariyar ta wuce ya ce ba shi da waya mai riga irin kaurin nan. Zai aika Jos, amma ba ya alkawari.

Saura kwana goma sha ɗaya. Kwalba na nan lafiya cikin gwangwani, sai dai babu muryar da za ta kumbura.

Laraba, 5 ga Yuni

Iskar jiya ta kayar da falwayoyi can gaba da Kagoro. An tura su Kumai, ƙila mako guda. Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa kamar zai ce wani abu. Ya ce, "Ki riƙa rufe taga."

Jumma'a, 7 ga Yuni

Na buɗe littafi, na karanta layi ɗaya sau shida. Na rufe.

Asabar, 8 ga Yuni

Bari in rubuta a hankali.

Da rana na je yi wa Adaku kitson zare. Ina riƙe da gashin, ina naɗa baƙin zaren, zagaye kusa da zagaye, tana ba ni labarin surukarta, ni hankalina na kan gora. Sai na tsaya. Na ce mata, in wayar ba ta da riga, me zai hana a sa zare tsakaninta da 'yar'uwarta? A naɗa su tare, waya, zare, waya, zare, ba mai taɓa wani.

Ta ce, "Ni me na sani? Gama mini kai tukuna, na zama kamar bushiya."

Pius ya dawo cin abinci, Adaku ta tare shi tun daga ƙofa, rabin kanta a tsefe. Ya saurara, ya daina tauna. Ya ce ana yi. Wallahi ana yi, tsofaffin ma'aikata haka suke yi da can. Ya ce in ja da ƙarfi, kada ya yi sako-sako, zagaye ashirin da biyu.

Na warware wayar a hankali, na miƙar da ita a jikin ƙafar tebur. Sau uku ina naɗawa ina warwarewa. Na farko zaren ya tsinke, na biyu na ɓata lissafi a sha huɗu don akuyar wani ta shigo. Na ukun ya zauna daram. Na ɗiga kakin kyandir a bakinta duka biyu.

Ban taɓa sa abin kunnen nan ni kaɗai ba. Na sa. Shiru. Na riƙa motsa siririyar wayar a kan dutsen yadda na ga yana yi, nan, can, nan. Sai ga wani mutum can nesa, ƙarami ƙarami, yana faɗin farashin gyaɗa.

Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar farashin gyaɗan nan ba.

Talata, 11 ga Yuni

Kumai ya dawo, baƙi ƙirin, babban yatsansa na dama naɗe da bandeji, falwaya ta danne shi. Na miƙa masa abin kunne. Ya saurara. Ya cire, ya ɗaga katakon ya kai bakin taga, yana bin zaren da ido.

"Wa ya naɗa?"

Na ce ni.

Ya ce, "Ya fi nawa." Ya tafi wanka.

Kalma uku. Na rubuta su nan don kada su ɓace.

Laraba, 12 ga Yuni

Da yatsan nan ba ya iya riƙe ƙarfen dalma, Pius kuma yana aikin rana duk makon. Saboda haka ni ce. Muka hura gawayi a kurfoti, aka sa bakin ƙarfen a wuta, shi yana riƙe da takardar Pius yana nuna mini da hannun hagu: wannan ƙafar zuwa nan, waccan zuwa can. A taɓa ƙaro, a taɓa dalma, a ɗora, a ƙirga uku, a ɗauke, kada a hura. Na farko ya dunƙule kamar kashin akuya. Ya ce ƙarfen bai yi zafi ba, kuma bakin wayar bai fita ba, sai an kankare shi ya yi haske kafin dalma ta kama.

Ya miƙo mini wuƙa, fuskarsa ba ko alamar wasa, ya ce, "Nan kam ki goge yadda ranki ke so."

Sai da na kai ƙarfen wuta na gane. Na yi dariya har na ƙone gefen hannu. Ashe yana da ba'a! Ina ya ɓoye ta wata bakwai?

Wuri goma sha ɗaya muka haɗa kafin rana ta faɗi. Na ɗaura jan zare a wayoyin babban batir, fari a na ƙarami, don kada tsoro ya ruɗa ni. Ba mu sa kwalba ba. Ya ce sai Pius ya duba.

Yau ya yi magana fiye da duk watan jiya. Duk a kan waya ne, amma da ni yake yi.

Alhamis, 13 ga Yuni

Mama ta iso da ƙullin acca da kaza. Ta rame. Ta duba tukwanena ɗaya bayan ɗaya, ba ta kushe ko ɗaya ba, wato sun yi. Ta tsaya gaban tebur ta ce da yarenmu, "A nan za a sa shi? Mutumin da ɗaki biyu ba sa isarsa?"

Kumai ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, don yarensu ba namu ba ne. Ta dubi yatsansa ta ce in dafa masa kazar.

Jumma'a, 14 ga Yuni

Pius ya zo da la'asar, ya bi wayoyin da tsinke ɗaya ɗaya, yana gunaguni. Ya ce dalmar ta yi muni amma ta kama. Ya sauko da gwangwani. Ni na rufe ido da ya cusa kwalbar. Fari tukuna, sannan ja.

Sai ihu! Wani irin kuka kamar an taka ɗan akuya. Mama ta tashi ta fita tsakar gida ba ta waiwayo ba. Pius ya ce ba komai, wayar shiga da ta fita ne suka kwanta kusa da juna, suna gulma. Ya raba su, ya sa ashana tsakani. Kukan ya tsaya. Abin kunnen na kan tebur, ba a kunnen kowa ba, amma ga murya ina ji daga inda nake tsaye. Ƙarama, amma murya. Adaku ta ɗauko ƙwaryar da nake auna gari da ita, ta jefa abin kunnen ciki don wasa, sai muryar ta yi kauri, ta zagaya ɗakin. Muka gwada kwano, muka gwada tulu. Ƙwaryar ta fi.

Na fita in kira Mama, na same ta tana tsinkar rama. Ta ce in zauna.

Ta ce ranar da masu motar suka zo, ba ta je ba. Shekara talatin da ɗaya in Baba ya ja waƙa ita ke fara amshi, sauran mata su bi. Ran nan sun yi faɗa da safe a kan akuyar da ya ba ƙaninsa ba shawara. Ya zo har bakin rumbu ya ce ta taso, ta ce ya je ya yi wa mota waƙa shi kaɗai. Ya tafi. Bayan haka ba a sake wani taron waƙa ba sai na jana'izarsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ramar nan ta tsufa, wa ya sayar mini?

Asabar, 15 ga Yuni

Tun azahar hadari ya haɗu ta gabas. Kumai ya ce in walƙiya ta matso dole ya cire eriya, ko ana tsakiyar waƙa. Na ce na sani. Ban sa shuɗiyar riga ba, na manta ma da ita.

Biyar saura muka zauna: Mama a kujera, kunnen dama wajen tebur, Pius da Adaku a bakin gado, Kumai a taga yana kallon sama, ni a ƙasa kusa da batir. Fari, sannan ja. Ƙwarya ta yi ƙara kamar ana suya, mai sanarwa ya ambaci sunan ƙauyenmu, bai faɗa daidai ba. Ganga. Sai Baba.

Baba ne. Har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ja.

Mama ta miƙe zaune, ta gyara ɗankwali. Waƙar farko ta wuce, kowa ya ji, har Adaku na share ido alhali ba ta san ko kalma ɗaya ba. Mama ba ta buɗe baki ba. Da matan suka yi amshi a ciki sai ta ɗan karkata kai, kamar mai duba ɗinkin wata.

Ana cikin ta biyu ruwa ya sauko. Ba tsawa, ruwa kawai, amma a kan kwanon rufi. Kamar ana zuba tsakuwa. Muryar ta nutse. Adaku ta fizgo bargo ta lulluɓe mu da tebur ɗin gaba ɗaya, kawuna biyar a kan ƙwarya ɗaya, Pius na cewa wani ya taka shi. Muna ji kaɗan kaɗan. Mama ba ta ji. Na gani a fuskarta, tana juya kai tana nema. Ta biyu ta ƙare. Ruwa ya ƙaru.

Ba wanda ya sa ta. Ita ta sa hannu cikin ƙwaryar, ta ɗauko abin, ta goge shi da bakin zane, ta danna a kunnen dama, ta toshe da tafin hannu.

Mu sai ƙarar ruwa.

Can sai Mama ta ɗaga murya. Amshi. Da ƙarfi, irin na gona, ba na ɗaki ba. Ta yi shiru. Ta sake. Ta yi shiru. A cikin shirun nan Baba ke waƙa, ban ji shi ba, amma na san tsawon kowane layi, na san inda yake jan numfashi, don tana jiransa daidai. Haka har ƙarshe. Ta ukun ita ce wadda na fi so tun ina yarinya, kuma rabinta kawai na samu. Ban ji an rage mini komai ba.

Da ta cire, ta mayar cikin ƙwarya a hankali, ta ce, "Ya yi sauri a ta ukun. Kullum in ba na nan sauri yake yi."

Sannan ta yi kuka, mu ma. Kumai ya cire ja, ya cire fari, ya fita ya tsaya a baranda.

Litinin, 17 ga Yuni

Mama ta koma da motar citta. Ta ce in zo in an fara girbin acca. Pius ya ce kwalbar ta zauna a wurinmu tukuna, wai ta saba da gidan.

Laraba, 19 ga Yuni

Ba wani labari. Wanki, kasuwa, ƙunar hannu ta fara ɓawo.

Da yamma ina dakan dawa, ban san na fara ba, ashe amshin ta ukun nake yi, ina barin gurbin Baba yadda Mama ta bari. Na yi sau biyu. A na ukun wani ya shiga gurbin daga bayan ɗaki, inda Kumai ke wanke ƙafa. Ba kalmomi, bai san yaren ba, gunji kawai, kuma ya kauce hanya tun daga farko. Bai iya waƙa ba ko kaɗan.

Ban gaya masa ba. Na rage saurin taɓarya don ya kamo ni.

Dawar ta riga ta daku tuni. Na ci gaba.